Wutar da ke kai-kawo a wayoyin Idu ba tare da ta yi aiki ba

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit kafin daga baya a ɗan sassauta, masu masana'antu a Idu ke neman inda za su rage asara. Wasunsu sun karkata ga sola da gas. Kaɗan ne suka waiwayi wata ɓarakar da ke cikin harabar kamfanoninsu, wadda injiniyoyi ke kira fawa-fakta, wato kason wutar da ke yin aiki na zahiri daga cikin wadda waya ke ɗauke da ita.

Duk injin da ke juyawa da maganaɗisu, daga famfon ruwa zuwa injin niƙa da na'urar sanyaya ɗaki, yana jan wuta iri biyu. Ɗaya ce ke juya shi, kuma ita ake aunawa da kilowat. Ɗayar tana gina maganaɗisun ne kawai, ta koma, ta sake dawowa. Tamkar motar haya ce daga Nyanya mai kujeru goma, amma uku na yaran mota ne: ana bukatarsu, sai dai sun tare wurin fasinja.

Lissafin ba shi da wuya. Taransfoma mai ƙarfin kVA 500, idan kason ya tsaya a 0.7, kilowat 350 kaɗai za ta iya bayarwa. Idan aka ɗaga shi zuwa 0.95, sai ta ba da 475. Taransfomar ba ta canza ba, wayoyin ma haka. Abin da aka ƙara shi ne akwatin kafasito a kusa da injinan, wanda ke samar da wutar maganaɗisun a nan take, ba sai an jawo ta daga tashar Katampe ko Gwagwalada ba. A aiki iri ɗaya, wutar da ke bin waya kan ragu da kusan kashi 26 cikin ɗari, wadda ke ɓacewa a matsayin zafi kuma ta ragu da kusan kashi 46. Injina su daina zafi fiye da kima, ƙarfin wuta ya daina faɗuwa da rana tsaka, mai kamfani kuma ya jinkirta sayen babbar taransfoma.

Ribar kamfanin AEDC, mai raba wuta a Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa, ta ma fi haka. Mita tana ƙirga wutar da ta yi aiki ne, amma layukansa na ɗaukar duka biyun, don haka duk gurbin da aka kuɓutar wuta ce da zai sayar wa wata unguwa ba tare da kafa sabon turke ba. Wannan ne ya sa kamfanin Eskom na Afirka ta Kudu ke cajin manyan abokan cinikinsa kuɗin wutar maganaɗisu idan ta wuce ƙa'ida, wasu jihohin Indiya kuma ke lissafa wa masana'antu duka biyun a haɗe.

Ba a sa kafasito da ka. Inda invata da na'urorin UPS suka yi yawa, wutar kan gurɓata har ta ƙona shi, sai an haɗa shi da matata. A kan janareta kuwa, gyaran da ya wuce gona da iri na iya rikita ƙarfin wutar, kuma ba ya ƙara wa injin dizal ƙarfin da bai da shi. Dole a fara da awo na kwanaki, sannan a zaɓi akwatin da ke ƙarawa da ragewa da kansa.

Maganar ba ta tsaya a Idu ba. Sakatariyar Tarayya cike take da lifta da na'urorin sanyi, matatar ruwa ta Lower Usuma kuma da manyan famfuna take aiki. Jami'in da takardar neman sabuwar taransfoma ta iso teburinsa yana da hurumin tambayar ko an auna kason wadda ke ƙasa, kuma nawa aka samu.