Ziyarar Kufan Alƙalawa a Bakin Gulbin Rima

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ina son in ba ku labarin wani wuri da ke kusa da mu, wanda da yawanmu sun san sunansa tun suna yara amma ƙafarsu ba ta taɓa taka shi ba. Wurin nan shi ne kufan Alƙalawa, tsohon birnin sarakunan Gobir, a ƙasar Sabon Birni.

Ku sani, ya 'yan'uwa, mutanenmu suna kashe dukiya su tafi Sakkwato ziyarar Hubbaren Shehu, su wuce Wurno ga kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma wanda ya ga Sakkwato bai ga Alƙalawa ba, rabin labari ya gani, don kuwa faɗuwar wannan ita ce ta buɗe hanyar gina waccan. An ci Alƙalawa cikin 1808, Bello ya fara ginin Sakkwato cikin 1809.

Sau biyu Allah ya nufe ni da zuwa. Na farko ina almajiri, bayan malaminmu, Allah ya jiƙansa. Na biyu cikin 2013, ni kuma da nawa almajirai shida. Mai tashi daga nan Turba yakan bi ta Isa, ya miƙe zuwa Sabon Birni, daga can ya nemi mai yi masa jagora. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa ya janye daga fadama. Ƙasar nan tamu ƙasar gulabe ce. Bunsuru da Gagare suna gamuwa wajen Isa, gulbin Maraɗi yana gangarowa daga arewa, dukansu su zama Rima, wanda ke wucewa ta Goronyo da Wurno har Sakkwato. Wanda ya dubi wannan fadama, da kifinta da kiwonta da nomanta na rani, ba ya tambayar abin da ya sa sarakuna sunka yi ta yaƙi a kanta.

Abin da mai ziyara zai fara gani shi ne ragowar ganuwa. Kada ya sa ran ganin bango tsaye irin na Kano. Tudu ne mai tsawo, ya kwanta kamar kunya babba, wani wuri ya bayyana, wani wuri garma ta share shi. Cikin birnin kuwa gonaki ne. Inda dā fada take da kasuwa da unguwanni, yanzu karan gero ne da tsingaro. In ka sunkuya ka ɗebi ƙasa, da wuya ka rasa fasasshiyar tukunya a ciki. Wani yaro daga cikin almajiraina ya ɗauki bakin tulu ya ce mini, “Malam, wa ke da wannan?” Na ce masa, “Wata mata ce da ta ɗebi ruwa a gulbin nan kamar yadda innarka take ɗiba, ba ta kuwa taɓa zaton baƙo zai tsaya cikin ɗakinta yana tambaya ba.”

Ga asalin birnin. Gobirawa sun gangaro daga arewa ne, daga wajen Azbin, sunka zauna Birnin Lalle da waɗansu wurare kafin su iso kwarin Rima. A lokacin ƙasar nan ta Zamfarawa ce. Abin da aka ruwaito shi ne Sarkin Zamfara ya ba su izinin zama a gonakin alƙalinsa, daga nan sunan Alƙalawa ya fito. Baƙi sunka yi ƙarfi, har Sarkin Gobir Babari ya juya kan masu masaukinsa, ya rushe Birnin Zamfara wajen 1762, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. Kufan Birnin Zamfara ɗin yana nan ƙasar Isa. To, ku lissafa: daga 1762 zuwa 1808 shekara 46 ke nan. Birnin da ya mai da wani kufai bai cika shekara hamsin ba shi ma ya zama kufai.

Daga ganuwa sai dattijon da ya yi mana jagora ya kai mu maƙabarta, inda Gobirawa suke cewa sarakunansu na wancan zamani suke kwance, har da Bawa Jan Gwarzo ɗan Babari. Nan munka tsaya, munka yi sallama irin wadda Sunna ta koyar ga ma'abota kaburbura. Bawa shi ne sarkin da ƙarfin Gobir ya kai matuƙa a hannunsa, har yau makaɗa ba su bar ambatonsa ba. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi, shi ne abin da ya faru a Magami wajen 1788, ranar Babbar Salla. Ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zinariya miskali 500. Shehu bai karɓa ba. A maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a cikin ƙasar, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amsa duka biyar.

Ku dubi wannan, ya malamai. Sarki mai dawaki dubbai ya saurari malamin ƙauye, malami kuma ya bar zinariya ya roƙa wa fursuna da talaka. Muddin abin yana haka, Alƙalawa tana tsaye. Bayan Bawa sai Yakuba, wanda ya mutu a yaƙin Kiyawa. Sa'an nan Nafata, wanda ya sa anka yi shela cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gāji Musulunci ba ya shige shi, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi. Sa'an nan ɗansa Yunfa, wanda a zamaninsa anka kai wa jama'ar Abdussalami hari a Gimbana, anka kama Musulmi bayi. Daga nan al'amari ya ɓaci. Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin watan Zulƙida 1218, wato Fabrairu 1804, anka gwabza a Tabkin Kwatto cikin Yuni na wannan shekara, rundunar Yunfa ta watse.

Kada mai karatu ya zaci daga nan sai nasara kawai. Da munka fito daga maƙabarta, na ce wa dattijon nan, “Baba, ina Tsuntsuwa take?” Ya miƙa sandarsa ya nuna mana wajen, ba nisa da birnin. A can ne, ƙarshen 1804, Gobirawa da Azbinawa masu taimakonsu sunka auka wa jama'ar Shehu. Littattafan Sakkwato sun ambaci cewa an rasa wajen mutum 2,000, a cikinsu akwai mahaddatan Alƙur'ani kamar 200. Duk wanda ya taɓa zaunar da yaro gaban allo tun daga Fatiha har sauka, ya san abin da hafizi ɗaya ya ci na shekaru da kananzir da haƙuri. Ɗari biyu a yini guda! Almajiraina sunka yi tsit. Sai bayan shekara huɗu, cikin 1223, wato Oktoba 1808, rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta shiga birnin, anka kashe Yunfa. Wanda ya so cikakken bayani ya nemi Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi na Gwandu.

Gobirawa ba su ƙare da faɗuwar birninsu ba. Sun ci gaba da yaƙi har ranar Gawakuke cikin 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi tare da Rauda, Sarkin Katsina na Maraɗi. Bayan haka Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar yanzu. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, ya gina Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce, sarautarta tana gidan Muhammadu Bello, ana kuma kiran mai ita Sarkin Gobir. Ashe ke nan jikokin masu birni da jikokin waɗanda sunka ci birni sun fi shekara 150 suna maƙwabtaka, suna auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci, suna cin kasuwa ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ji waɗansu samari suna ɗauko labarin Alƙalawa suna hura wutar gaba da shi, wannan ya ce an rushe birnin kakanninsa, wancan ya yi alfahari da cewa kakanninsa ne sunka rushe. Duka biyu ba su je wurin ba, ko kuwa sun je ba su lura ba. Shehu kansa a ƙasar Gobir anka haife shi, a Maratta, cikin 1754. A cikin jama'arsa akwai Hausawa da Fulani da Buzaye, haka kuma a rundunar Yunfa. Wanda ya tsaya tsakanin maƙabartar sarakuna da filin Tsuntsuwa, ya ga ƙasa ɗaya ta rufe su duka, ba ya komowa gida da alfahari ko ƙullaci. Abin da zai komo da shi tsoron Allah ne, da sanin cewa ganuwa ba ta tsare garin da anka bar zalunci ya kwana a cikinsa.

Mu kuwa yau ba mu bukatar a fassara mana kufai. Tun wajen 2019 mutanenmu suke ƙetarawa zuwa ƙasar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. Cikin Disamba 2021 anka ƙone matafiya fiye da ashirin cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Cikin Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda sunka sace shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ƙauyuka nawa kunka sani, ya fatake, waɗanda dā kukan sauke kaya a cikinsu, yanzu ba hayaƙi ba carar zakara? Biyu daga cikin roƙon Shehu a Magami, sakin wanda anka tsare da sauƙaƙa wa talaka abin da ake karɓa gare shi, su ne roƙonmu har gobe. Saboda haka ba na ce wa kowa ya kama hanya ba tare da ya tambayi mutanen wuri halin da take ciki ba. Rai ya fi ziyara.

Amma akwai abin da za mu iya tun yanzu. Surame, birnin Kanta na Kabi, da dutse anka gina shi, ga shi kuma hukuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Alƙalawa ta ƙasa ce, kowace damina tana cin rabonta. Abin da na gani ina yaro ya fi abin da na tarar cikin 2013, dattawan da sunka san inda kowace ƙofa take kuma suna ta tafiya. Ina roƙon sarakunanmu na Sabon Birni da Isa su sa a shata iyakar ganuwa da maƙabarta don kada noma ya cinye su. Ina roƙon malamai, duk mai dattijo masani kusa da shi, ya zauna gabansa da tawada da takarda ya rubuta abin da ya ji, ko da ajami ne, ya aika da kwafi gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ranar da Allah ya buɗe hanya kuma, kowane malami ya ɗebi almajiransa ya kai su, su gani da idonsu.

Allah ya gafarta wa magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane mai gudun hijira ɗakinsa. Amin. Wassalamu.

Daga wani malamin makarantar allo, Turba, ƙasar Isa.