Tumakin Ulu Na Bakin Kogin Kwara

Duk wanda ya shiga kasuwar Wuse a Abuja da hunturu zai tarar da barguna jibge, galibinsu daga ƙasashen waje. Ba abin mamaki ba ne, domin tumakinmu, wato Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba.

A ƙasar Peru akwai alfaka, 'yar'uwar raƙumi marar tozo, wadda akan yi wa aski sau ɗaya a shekara, a sami ulu kilo 2 zuwa 3. To, amma ba sai mun je can ba. Fulanin Masina a ƙasar Mali sun daɗe suna aske tumakinsu da wuƙa. Mata su kaɗa zaren, masaƙa su saƙa bargon nan da kakanninmu ke kira sakala, wanda fatake kan kawo har Kano. Tunkiya guda ba ta cika ba da kilo 1 a shekara ba, shi ya sa bargon ke da tsada.

'Yan'uwan waɗannan tumaki, da ake kira Kundum, suna nan a yankin Tilaberi na Nijar, sai dai kullum raguwa suke yi. Makiyayi ya ga ulu ba kasuwa, sai ya haɗa su da manyan raguna masu gashi, waɗanda ake rububinsu da Babbar Salla.