Kafin Ku Biya Kuɗin Tsohon Keke

Ɗalibai, kuɗin mota ya yi tsada, shi ya sa da yawanmu muke leƙa Fagge da kasuwar Sabon Gari neman keke na hannu. To, mu yi hattara. Sabon fenti yana ɓoye tsatsa da walda.

Mu fara duba ƙarfen jikin keken, musamman mahaɗar da ke ƙarƙashin sirdi da wajen wuya. In akwai tsagewa ko lanƙwasa, mu haƙura, domin a kan titi yake karyewa. Taya, birki da kaca duk ana canza su da kuɗi kaɗan.

Sai mu ɗaga keken mu juya ƙafarsa. In tana layi, akwai gyara. Tsohon Raleigh na garin Nottingham a Ingila yana ɗauke da tambarin kan tsuntsu a goshi, amma tambari ana liƙa shi.

Mu tafi da mai gyaran keke, mu hau mu gwada, mu karɓi rasit saboda kayan sata. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.