ƁARAWON YANA CIKIN TANKI: ABIN DA ZA KA SANI KAFIN KA AJE KIFI MAI CIN KIFI A GIDA



Tambayar da masu fara kiwo a nan Zabi, Samaru da Sabon Gari suka fi yi min ita ce: "Na zuba tarwada 500, ban ga gawa ba, amma ranar kwashewa ba su cika ba. Ina suka tafi?" Sai ka ga an fara zargin yaran gida ko maƙwabci. Sau da yawa ɓarawon yana cikin ruwan.

Tarwada mafarauciya ce. A kogin Galma ko dam ɗin Kubanni tana cin kwari, kwaɗi da ƙananan kifaye. In ka tsare ta a tanki, abin farautar da ya rage mata shi ne 'yan uwanta. Tun suna ƙanana suke farawa: da farko su kama wutsiya su gutsura, in wani ya ɗara saura girma sai ya haɗiye ƙarami ɗungurungum ta kai. Shi ya sa ba ka ganin gawa.

Waɗanda suka tsere wa sa'o'insu a girma su ne masu kiwo ke kira shuta. Mai farawa yana murna in ya gan su, "kai, wannan ya yi ƙiba!" Ƙibar nan kuɗinka ce, ɗan uwa. Ɗan barbarar tarwada da ramboshi, wanda ake so don saurin girma, ya ma fi zafin hali.

Shawarata guda ɗaya ce: kar ka sayi kifi sai kana da tanki na biyu. Ko rabin duro ne, ko na tamfol. Wanda yake da tanki ɗaya tal ba shi da inda zai kai shuta, don haka ba zai iya rarraba kifi ba.

Ga yadda nake yi:

1. A watanni biyun farko ina rarraba su duk bayan sati biyu: manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban.
2. Ina yi da sassafe ko da yamma, kafin su ci abinci, da raga mai laushi. Kifin da aka ji wa ciwo, saura za su rufar masa.
3. Ba na barin su da yunwa. Ƙanana sau uku zuwa huɗu a rana, kuma ƙwayar abinci daidai bakinsu. Wanda ya kamata ya ci milimita 2 in ka ba shi 4, manya ne za su ƙoshi, tazara ta ƙara faɗi.
4. Ina rufe tanki da raga. Tarwada tana shaƙar iska kai tsaye, tana iya tsallakewa ta ja ciki a ƙasa.

Masu son ajewa a akwatin gilashi don ado a falo, ku ma doka ɗaya ce: duk kifin da zai shiga bakin wani, abinci ne. Kar a haɗa ƙananan karfasa ko jajayen kifin ado da tufi ko tsage. Minjirya ita kaɗai ake ajewa, domin wutarta tana kaiwa wajen bolt 350. Giwan ruwa kuwa ba na falo ba ne sam, yana iya wuce kilo 100. Shi ne aka saka a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, kuma daga baya nau'o'in ƙananan kifayen tafkin masu yawa suka ɓace. In tafki guda ya ji a jikinsa, ina ga gilashinka?

Mai son ƙarin bayani ya leƙa NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, aikinsu kenan wayar da kan manoma.

Kafin ka tura wa mai ƙyanƙyasa kuɗi, ƙirga tankunanka tukuna. Wanda ya taɓa rasa kifi ba tare da ganin gawa ba, ya faɗa mana nawa ya zuba, nawa ya kwashe.

Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.