Shagon Wa Kake? Silsilar Iyayengida a Dambe da Jiu Jitsu

A ƙasar Brazil akwai wata kokawa da ake kira jiu jitsu, wadda masu yin ta ba sa gama gaisawa sai an tambayi wa ya ɗaura wa wane baƙar ɗamara. Tushenta Mitsuyo Maeda ne, mutumin Japan, almajirin makarantar Kodokan ta Jigoro Kano (suna ne kawai, ba shi da dangi a birnin Dabo), wanda ya isa Brazil a 1914 ya koyar da Carlos Gracie. Da Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko a 1993, sai sunan gidansu ya zama tamkar ijaza. Yau kuwa wasu matasansu na cewa silsila ta koma ado, tunda kowace dabara tana YouTube.

Mai karatu, wannan muhawara ba baƙuwarmu ba ce. Ɗan damben Hausa silsilarsa tana cikin sunansa: Garkuwan Cindo, Autan Sikido, Bahagon Sanin Kurna. Harafin mallaka ɗaya ne ya ɗaure yaro da ubangidansa. Abin da ya fi burge ni shi ne Shago, gwarzon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa. A fagen dambe kuma ana cewa Shagon wane, wato yaron wane.

Masu cewa silsila ba ta kayar da abokin karo suna da gaskiya, domin a fage ƙwanji ke magana. Sai dai bidiyo ba ya hana yaro shiga karon da ya fi ƙarfinsa, ba ya duba yadda ya naɗe kara a hannu, ba ya kai shi wajen mai ɗori idan ƙashi ya karye. Ubangida ke yin waɗannan, kuma shi ake kai wa ƙara idan yaro ya ɗaga hannu a kasuwa.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, abin da ke tsinka silsilar ya fi intanet muni. Damben ƙauye wasan kaka ne, na yawo gari zuwa gari. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai 'Yargoje a Yunin 2024, wane uba ne zai bar ɗansa ya bi ubangida zuwa fage a wani ƙauye bayan magariba? Yaron yana nan da ƙarfinsa da wayarsa, yana kallon damben Kano da Abuja, babu mai ce masa ya sauke hannu.