Wa Ke Riƙe da Sufana, Wa Ke Riƙe da Biro?

A ranar 2 ga Disamba, 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri a mahaifarsa, Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa a kan dala miliyan 50. A tsakanin nan ne aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, sannan a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai biyo ta Kazaure ya ratsa Daura. Garin rijiyar Kusugu ya wayi gari yana renon injiniyoyi.

Gini ya tsaya, ɗalibai sun shiga. Amma karatun injiniya shekara biyar ne, kuma ko'ina a duniya an san shi da zubar da ɗalibai a hanya, musamman 'yan mata. Malamai da yawa kan ce ai lissafi ne yake tankaɗe da rairaya, wanda ya faɗi dama ba nasa ba ne.

Wasu masu bincike biyu a Amurka, Elaine Seymour da Nancy Hewitt, sun bi diddigin wannan magana. Sun zauna da ɗalibai 335 a manyan makarantu bakwai, suka wallafa sakamakon a 1997. Waɗanda suka bar kimiyya da injiniya ba su gaza waɗanda suka tsaya basira ba. Kusan tara cikin goma na masu ficewar sun koka ne da irin koyarwar: malami ya juya wa aji baya, ya cika allo da lissafi, ya goge, ya fita.

Da wannan kaɗai ne, da matsalar ta shafi kowa daidai. Sai dai akwai abin da ke faruwa a ɗakin gwaji. A raba ɗalibai biyar-biyar, a ba su inji su kwance. Kafin malami ya juya, samari huɗu sun yi wa injin rumfa, wannan da sufana, wancan da awartaki. Ita kuwa ta biyar ɗin an miƙa mata takarda: "Ke ce mai kyan rubutu, rubuta mana." Babu wanda ya zage ta, ƙila ma gani suke sun girmama ta. Amma zango ya ƙare hannunta bai taɓa baƙin mai ba, ranar jarrabawar aikin hannu kuma a ce ba ta iya ba. Susan Silbey ta jami'ar MIT da abokan aikinta sun karanta littattafan da ɗaliban injiniya na makarantu huɗu suka riƙa rubuta abin da ke samunsu yau da gobe, suka tarar da wannan rabon aikin yana maimaita kansa, a aji da kuma wuraren koyon aiki. A nan ne mata da yawa suka fara tunanin sauya layi.

Maganin ma an gwada shi. A 2014 Scott Freeman ya haɗa bincike 225, ya ga cewa inda lacca ce zalla kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda kuwa ake sa ɗalibai warware matsala da kansu a cikin aji, kashi 22. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne na Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta a 2017. Sun ɗauki 'yan mata 150 'yan aji ɗaya a Jami'ar Massachusetts. Wasu aka haɗa su da ɗaliba ta gaba da su, wasu da ɗalibi namiji, wasu aka bar su haka. Bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka sami yaya mace ko ɗaya ba ta bar injiniya ba. Na hannun maza kashi 82 suka rage.

Daura ba Amurka ba ce, gaskiya. Yarinyar da ta fito daga makarantar kimiyya ta 'yan mata ta Sandamu tana da nata lissafin: kuɗin rajista, ɗakin kwanan da zai kwantar wa iyaye hankali, garin da za a tura ta koyon aiki na watanni, da manemin da ba zai jira shekara biyar ba. Kuma mata injiniyoyin da za ta kalla ba su da yawa. Ƙungiyarsu ta ƙasa mutum shida suka kafa ta a 1982, sai a 2024 Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya.

Inda Daura ta yi sa'a shi ne makarantunta sababbi ne, icce ne ɗanye da ake iya tanƙwarawa. Haɗa sabuwar ɗaliba da yayarta ba ya cin ko sisin kwabo, haka ma tilasta karɓa-karɓa a ɗakin gwaji. Ya kamata shugabannin makarantun biyu su riƙa fitar da alƙaluma duk ƙarshen shekara: mata nawa suka shiga kowane sashe, nawa suka rage. Iyaye kuma idan ta dawo hutu, ban da sakamako, a tambaye ta ko ta kwance inji da hannunta.