Injin Babur Ma Yana Numfashi

A ƙauyukanmu babur ya karɓi aikin da jaki da keke su ke yi a dā. Shi ke kai buhun taki gona, shi ke kai albasa da barkono kasuwa, shi ke kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Sau da yawa sai an tara kuɗin amfanin gona na shekara guda ko fiye kafin a saye shi. Saboda haka idan injinsa ya lalace, hasarar takan shafi gida duka.

Akwai wani ɗan baƙin tiyo da ya fito daga jikin akwatin injin, watau inda baƙin mai ya ke kwance. Mutane da yawa ba su san amfaninsa ba. In sun ga mai yana ɗiga daga bakinsa, sai su cusa masa tsinke ko su ɗaure shi da roba. Mai karatu, kada ka yi haka. Wannan tiyo shi ne hancin injin.

Me ya sa injin ya ke bukatar hanci?

A cikin injin akwai fistin mai hawa da sauka. Duk lokacin da ya sauka yakan danne iskar da ke cikin akwatin, in ya hau kuma ya jawo ta. A babur mai injin 125, iskar da fistin ke turawa a kowace sauka ta kai kashi ɗaya cikin takwas na lita, kuma yana yin haka sau dubbai a minti guda.

Ban da wannan, sa'ad da fetur ya kama wuta a bisa fistin, ɗan hayaƙi yakan kurɗa ta gefen ringi ya sauka cikin akwatin. Ko sabon injin ma yana yin haka, amma tsoho ya fi. Hayaƙin nan yana ɗauke da fetur da bai ƙone ba, da tururin ruwa. Kada ka yi mamakin ruwan, gama lita ɗaya ta fetur in ta ƙone takan ba da kimanin lita ɗaya ta ruwa. Yawancinsa ta salansa ya ke fita, kaɗan ne ke sauka ƙasa. Sa'ad da wannan iska ta ke neman mafita, sai ta kwaso ƙananan ɗigogin baƙin mai ta fito da su.

In aka toshe hanyar, iskar za ta nemi wata ƙofa da ƙarfi. Za ta tura mai ta bakin gaskit da robobin da ke tare mai. Daga nan sai yoyo ta ko'ina, mai yana raguwa mai babur bai sani ba, har wata rana injin ya ƙone a hanya. Ƙaramin babur kuwa man da ke cikinsa duka bai wuce kimanin lita 1 ba, don haka ba shi da rarar da zai zubar.

A dā, motoci suna busa wannan hayaƙi kan titi ne kawai. A shekarar 1961 jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara tilasta wa sababbin motoci su riƙa mayar da shi cikin injin ya ƙone, domin rage ƙazantar iska. Daga baya masu ƙera babura ma suka bi. Shi ya sa a babura da yawa za ka tarar tiyon ya tafi akwatin matatar iska. A wasu tsofaffi kuwa yana nan a sake, bakinsa yana kallon ƙasa.

Kowace hanya da matsalarta. In tiyon yana shiga matatar iska, man yakan jiƙa matatar, ƙura ta manne, kafireta ta yi datti, babur ya riƙa shan fetur. In kuwa a sake ya ke, man yana iya zuba a kan tayar baya, wannan kuwa haɗari ne babba a kwana. Kuma da hunturu bakin tiyon yakan shaƙi ƙura ya kai ta cikin mai.

Gwangwanin tare mai

Maganin abin ɗan gwangwani ne da a ke sa wa a tsakiyar tiyon. Iska ta shiga ta ƙofa ɗaya, ta bugi wani abu a ciki, mai da ruwa su zauna a gindi, iskar ta fita ta ɗaya ƙofar. Masu tseren babura sun daɗe suna amfani da shi don kada mai ya zuba a filin tsere.

Wannan na injin da ke da baƙin mai a akwatinsa ne, kamar Bajaj Boxer, da Honda CG125 wanda aka fara yi a 1975, da sauran masu kama da su. Tsofaffin baburan da ke ƙona mai tare da fetur ba su bukatarsa.

Kafin ka kashe kuɗi, duba ƙarƙashin akwatin matatar iska. Wasu babura sun zo da ɗan gajeren tiyo mai marfi a wurin. Aikinsa ɗaya da na gwangwanin. In naka yana da shi, cire marfin ka tsiyaye abin da ya taru, ka mayar. Watakila wannan ya ishe ka. In kuma baburin sabo ne mai garanti, tambayi inda ka saya tukuna.

Yadda a ke ɗaura shi

Ana sayar da na kanti, mai walda kuma yana iya haɗa maka. Ka nemi gwangwanin ƙarfe mai kauri, mai cin kamar kofin shayi ɗaya, mai marfi da a ke murɗawa. Kada a kai wuta kusa da gwangwanin da ya taɓa zama da fetur, gama yana iya fashewa.

1. A huda ƙofa biyu a sama, a liƙa gajerun bututai. Na shiga ya ɗan zurfafa ciki, amma kada ya kai gindi. Na fita ya tsaya can sama.

2. A sa soson ƙarfe na wanke tukunya, irin wanda ba ya tsatsa, a tsakanin ƙofofin biyu. Kada a danna shi da yawa. Kada a sa mai laushin nan da ke marmashewa, domin gutsattsarinsa za su shiga injin.

3. Kafin ka ɗaura, ka hura ta ƙofar shiga da bakinka. In iskar ba ta wuce da sauƙi ba, rage soson.

4. Ka sayi tiyon da ke jure mai da zafi. Faɗin raminsa kada ya gaza na asali. Tiyon ban-ruwa ba zai yi ba, yakan taurare ya tsage.

5. Ka kashe injin, ka bari ya huce. Ka ɗaure gwangwanin a tsaye a jikin ƙarfen babur, nesa da salansa da sarƙa da taya. Kada ka huda ƙarfen babur, ka yi amfani da notin da ke wurin ko maɗauri.

6. In da hali, gwangwanin ya fi ƙofar injin tudu, domin man da ke cikin tiyo ya gangara ya koma. Kada tiyon ya lanƙwashe, kada kuma ya yi kwari inda ruwa zai kwanta.

7. Tiyon fita ya koma akwatin matatar iska. In baburinka ba shi da wurin, ka sa ɗan soso mai tace ƙura a bakinsa, ka ɗaga shi sama yadda ruwa ba zai kai shi ba in kana ƙetare rafi.

Sa'an nan ka ta da injin, ka duba ko akwai yoyo.

Kula da shi

Gwangwanin da aka manta da shi ya fi rashinsa illa. In ya cika, ko dai ya toshe numfashin injin, ko kuwa dattin duka ya kwarara cikin matatar iska. A watan farko ka buɗe shi kowane mako, ka ga yadda ya ke taruwa. Bayan haka ka riƙa zubarwa duk lokacin juyen mai. Da damina, ko bayan wanke babur, ko in ya faɗi, ka ƙara dubawa. Lokaci lokaci ka wanke soson da kananzir, ka bari ya bushe.

Kafin ka zubar, dubi abin da ke ciki, gama yana ba da labarin lafiyar injin. Ɗan baƙin mai kaɗan ba kome ba ne. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ne ya gauraya. Wannan yakan faru in ana gajerun tafiye-tafiye injin bai ɗauki zafi sosai ba, ko kuwa an shiga ruwa. Ka duba man injin, in shi ma ya yi fari, a juye shi nan da nan. In warin fetur ya yi yawa, a duba kafireta, ka kuma riƙa rufe makunnin fetur in ka ajiye babur. In ka ji yashi a ciki, ƙura tana shiga ta wani wuri. In kuwa yana cika da sauri, ka fara auna mai, watakila an zuba ya wuce ƙa'ida. In man daidai ya ke, to ringi ya cinye, sai a je wurin bakanike. Gwangwani ba ya gyara ringi, tare mai kawai ya ke yi.

Abin da ka tsiyaye kada ka mayar da shi cikin injin, domin ruwa ne da fetur da datti. Kada kuma ka zubar kusa da rijiya ko cikin lambu, ko inda kaji da awaki ke kiwo. Ka tara a kwalba mai marfi inda yara ba za su kai ba, ka haɗa da tsohon mai in ka je juye. Ka wanke hannu da sabulu bayan aikin.

Ko ka sa gwangwani ko ba ka sa ba, gobe da safe kafin ka ta da babur, sunkuya ka bi ɗan tiyon nan da hannu daga farko har ƙarshe. In ka tarar an toshe shi, ka buɗe. In ka ga maƙwabcinka ya ɗaure nasa, ka bayyana masa dalili.